Kafin Mu Sa a Rufe Gidan Gem ɗin Unguwa, Mu Fara Leƙawa Ciki



Mako biyu ke nan ana ta kai-komo a unguwarmu ta Elig-Edzoa a kan wani ɗan shago da yara ke kira gidan gem. Wasu daga cikin dattawa sun ce a je wurin mai unguwa a sa a rufe shi. Daren Juma'ar da ta wuce, bayan sallar isha'i, wani Alhaji da nake jin nauyinsa ƙwarai ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, kai ne kullum kake tare da yaran nan, kai za ka rubuta mana takardar ƙorafin da Faransanci." Na ce, "Baba, a ba ni kwana biyu." Kwana biyun sun wuce, na ƙara wasu a kai, har yau ban rubuta takardar ba. Tunda maganar ta shafi 'ya'yanmu duka, daga Elig-Edzoa har Briqueterie inda aka haife ni, na ga gara in faɗi dalilina a fili, kowa ya auna da kansa.

Zan fara da abin kunyar da ya same ni a aji, don daga nan maganar ta samo asali.

Ina koyar da 'yan CM2, ajin ƙarshe na firamare. A zangon karatun da ya wuce wata yarinya ta kawo mini sefa 2,000, cikon kuɗin takardun jarrabawarta ta CEP. Na karɓa da safe. Bayan an dawo daga hutun tara na buɗe aljihun tebur, babu kuɗi babu dalilinsu. Kafin in rufe baki aji ya ɗauka gaba ɗaya, kowa na nuna wani yaro da aka san kullum yana gidan gem. Wallahi ni ma zuciyata ta ba ni shi ne. Ai lissafin a bayyane yake: mai zuwa gidan gem yana bukatar kuɗi, kuɗi sun ɓace, to me ya rage? Na kira shi gaban allo, yana kuka yana rantsuwa, ni kuwa har na fara tunanin yadda zan gaya wa mahaifinsa.

Sai abokinsa, wani ɗan siriri da ba ya cika magana, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, don Allah wa ya gan shi ya ɗauka?" Aji ya yi tsit. Ya ce, "Malam, da ta ba ka kuɗin, me ke hannunka a lokacin?" Na ce rajistar kiran suna. Ya ce, "Ina rajistar take yanzu?" Rajista tana ofishin shugaban makaranta, ni da kaina na kai ta kafin a fita hutu. Aka aika aka ɗauko. Ga kuɗin nan a tsakiyarta, a ninke, inda na sa su da hannuna na manta.

Na ba yaron haƙuri a gaban aji, na kuma bi shi har gida na ba iyayensa. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayoyin nan uku. Na yi karatu a ENIEG, makarantar horar da malaman firamare, an koya mana halayyar yara da dabarun riƙe aji, ga shi ɗan shekara 11 ya fi ni natsuwa a ranar da ake bukatarta. Da aka tashi na tambaye shi inda ya koyi wannan. Ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da laifi, ya ce, "A gidan gem ne, Malam."

Ranar Laraba, da yake ana tashi da wuri, na ce ya kai ni. Ɗaki ne guda, da talabijin huɗu da benci, da tsoffin na'urorin PlayStation 2 da aka loda wa wasanni barkatai a ma'ajiya. Yawancin yaran ƙwallo suke bugawa. A can lungu kuwa yara uku sun haɗa kai a gaban wani wasa da duk rubutunsa na Japananci ne. Ɗaya na riƙe da manet, ɗaya na haska allon da wayar mai shagon tana fassara musu zuwa Faransanci mai karye-karye, na ukun yana rubuta sunayen waɗanda ake zargi a bayan littafinsa na lissafi. Suna gardama, wannan ya ce wane ne, wancan ya ce a'a, ai ba ya wurin a lokacin.

Da na koma gida na bi diddigin wasan. Sunansa Meitantei Evangelion, wato Evangelion na gwanin bincike. Kamfanin Broccoli ne ya fitar da shi a Japan a farkon 2007 don PlayStation 2, kuma don kasuwar Japan kaɗai aka yi shi, shi ya sa babu shi da Faransanci. Reshe ne na wani shahararren katun, irin wanda yaranmu ke kira manga, mai suna Neon Genesis Evangelion, wanda Hideaki Anno ya shirya a kamfanin Gainax, aka nuna shi a tashar TV Tokyo daga Oktoban 1995 zuwa Maris na 1996, kashi 26. A asalin labarin, yara 'yan shekara 14 ake sakawa cikin wasu manya-manyan mutum-mutumi masu tsawon bene su yaƙi wasu halittu da ke kawo wa birninsu hari. Jarumin, Shinji Ikari, yaro ne mai tsoro wanda mahaifinsa ya yi watsi da shi, bai neme shi ba sai ranar da yake bukatar matuƙi. A wasan da na gani kuwa an ɗauki wannan Shinji an mai da shi mai binciken kisan kai. Yana zagayawa yana yi wa mutane tambayoyi, yana tattara alamu, sai ya haɗa su kafin ya nuna mai laifi.

Wanda ya girma a ƙasashen da ke magana da Faransanci ba baƙo ba ne ga irin waɗannan ƙattin ƙarfe. Yayyenmu da kawunnanmu sun san Goldorak, wanda Go Nagai ya ƙirƙira a 1975 da sunan Grendizer, aka fara nuna shi a Faransa a Yulin 1978. Larabawa ma sun fassara shi, ya shiga ransu har ta kai a 2022 an kafa masa wani ƙaton siffa a Riyad mai tsawon fiye da mita 30. Saboda haka mahaifin da ke cewa yaran yanzu sun lalace da kallon zane, ya tuna da kyau, wataƙila shi ma ya taɓa shan bulala a kan leƙen talabijin ɗin maƙwabta.

To, kada a ɗauka na zo ne in wanke gidan gem tas. Dattawan da ke ƙorafi suna da gaskiya a abubuwa da dama, kuma na gani da idona.

Na farko, Evangelion kansa ba na 'yan firamare ba ne. Labari ne mai nauyi, cike da baƙin ciki da jini, da wuraren da bai kamata ɗan shekara 11 ya gani ba. Halittun da ake yaƙa ma a fassarar Turawa mala'iku ake kiran su, an kuma cusa sunan Adamu da alamun gicciye a ciki. Waɗanda suka shirya shi sun aro waɗannan ne daga littattafan Yahudu da Nasara don su yi wa labarinsu ado, amma yaron da bai gama sanin rukunan imani ba, idan ya ji ana kiran dodo da sunan mala'ika, dole a samu babba kusa da zai warware masa. A shagon nan babu wannan babban.

Na biyu, mu gane cewa kasuwa ce. Me ya sa za a ɗauki labarin yaƙin mutum-mutumi a mai da shi na ɗan sandan ciki? Saboda suna ya riga ya karɓu, duk abin da aka liƙa masa zai sayu. Da sunan Evangelion an yi wasan soyayya, an yi 'yan tsana da riguna, kuma tun 2004 ake yin injinan pachinko, wani nau'in caca da ya cika Japan. Fim ɗinsa na ƙarshe da ya fito a 2021 ya tara sama da yen biliyan 10 a Japan kaɗai. Masu wannan sana'a sun san yadda ake riƙe zuciyar yaro har ya girma yana biya. Sefa 100 da ɗanka ke miƙawa a shago ita ce ƙarshen wata doguwar igiya da aka saƙa da gwaninta.

Na uku, akwai abin da ya fi wasan binciken nan muni nesa ba kusa ba. A talabijin ta biyu na ga yaro da bai wuce shekara 9 ba yana buga GTA, wasan da ake satar mota ana harbin mutane a titi. A Turai ana buga shekarun da suka dace a jikin kwalin kowane wasa, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, kuma yawancin jerin GTA na 'yan 18 ne. Amma wasan da aka kwafa a ma'ajiya ba shi da kwali, balle a ga lamba. Na kuma ga manyan yara suna ajiye kuɗi a kan wasan ƙwallo, wanda ya ci ya kwashe. Wannan caca ce, ko da wane suna aka kira ta. Sannan an kira la'asar ina wurin, babu wanda ya motsa. Akwai kuma waɗanda na sani sarai a wannan lokacin ya kamata a ce suna makarantar allo.

Jarabar ma gaskiya ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, jerin ya fara aiki a 2022. Sai dai hukumar ta bayyana abin da take nufi: mutum ya kasa riƙe kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma a saba hakan ya ɗauki kamar shekara guda. Ta kuma ce kaɗan ne daga cikin masu wasan ke kaiwa wannan matsayi. Ke nan ba duk yaron da ya riƙe manet ne mara lafiya ba.

Duk da waɗannan, me ya sa na ƙi rubuta takardar? Dalilina na farko mai sauƙi ne. Idan aka rufe wannan shago, yaran ba gida za su koma ba. Za su tsallaka wata unguwa inda babu wanda ya san ɗan wane ne, ko su koma kan wayar yayyensu a ƙuryar ɗaki, inda abin da ke ciki ya fi na shagon yawa, kuma babu ƙofar da za ka leƙa. Yanzu aƙalla mun san inda suke, mun san mai shagon, mun san iyayensa. Unguwanninmu a cushe suke, gida na jingine da gida, filin da yaro zai buga ƙwallo ma sai an yi tafiya. Wanda zai hana yaro wuri, ya fara tanadar masa wani.

Dalili na biyu shi ne abin da ya faru a ajina. Wasan bincike, ko na Evangelion ne ko na Détective Conan da yaranmu suka fi sani, ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ka wucewa gaba sai ka kawo hujja. In ka nuna mutum don kawai fuskarsa ba ta yi maka ba, ka faɗi, sai ka sake. Yaron da ya yi wata uku yana faɗuwa yana sakewa, wani abu na zauna masa a kai. Ku faɗa mini, a garin nan wane darasi muka fi bukata? Duk wanda ya taɓa kasancewa a kasuwar Mokolo lokacin da aka yi ihun ɓarawo ya san yadda jama'a ke rufe mutum da duka kafin a tambayi me ya ɗauka. Mun san yadda saƙon murya guda a WhatsApp ke kashe aure ko ya zubar da mutuncin mutum kafin azahar. Mu kanmu, da muke 'yan tsiraru a birnin nan, mun san zafin a yi maka kuɗin goro. A shekarun da rikicin Boko Haram ya yi tsanani a Arewa Mai Nisa, da yawa daga cikinmu sun ga yadda ake kallon mai doguwar riga da hula a cikin taksi. Wanda ya ɗanɗani zargi ba hujja bai kamata ya raina abin da ke koya wa ɗansa neman hujja ba.

Kuma wannan ɗabi'a ba daga Japan ta fara zuwa mana ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, da yadda wani mai shaida ya warware zargin da aka yi masa ta hanyar duba inda rigarsa ta yage, ta gaba ko ta baya. Suratul Hujurat ta umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, kuma a shari'a mai da'awa ne ke kawo shaida. Kakanninmu suna da masu bin sawu, waɗanda ke duban ƙasa su gaya maka shanun da aka kora nawa ne da inda aka nufa da su. Tatsuniyoyinmu cike suke da alƙalai masu dabara, kuma wanda ya karanta Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ya ga irinsu. Abin da ya ba ni kunya shi ne, muna da duk wannan a gida, amma sai da wani tsohon wasa na Japan, ta bakin fassarar waya, ya koya wa ɗalibina abin da ni malaminsa na manta a ranar.

Ga abin da nake ba da shawara a maimakon takardar ƙorafi. Dattawa uku ko huɗu, da malami ɗaya da uwa ɗaya, su zauna da mai shagon a gaban mai unguwa a yi yarjejeniya a rubuce. Kada a bar yaro mai kayan makaranta ya shiga a lokacin karatu. A kashe talabijin idan an kira salla, da lokacin makarantar allo. A goge wasannin manya daga na'urorin da ƙanana ke amfani da su, mu malamai za mu taimaka wurin tantancewa, aikin yini guda ne. Duk wanda aka kama yana ajiye kuɗi a kan wasa a kore shi, a kuma sanar da gidansu. Ƙananan yara su watse kafin magariba. Na yi magana da saurayin da ke da shagon, ya ce ya yarda, don ya san in aka rufe shi abincinsa ne ya tafi. In ya karya alkawari, to a ranar ni da kaina zan rubuta takardar, kuma zan sa hannu a farko.

Iyaye kuma, don Allah mu rage fushi mu ƙara tambaya. Ka tambayi ɗanka wane wasa yake bugawa, ya ba ka labarinsa. Ki tambaye shi ina ya samu kuɗin. Idan za a ba shi na gem, a ba shi a sani, a ƙayyade ranar, ya fi ya ɗauka a ɓoye daga kuɗin cefane. Yaron da ya saba ba ka labarin abin da yake kallo yana ɗan shekara 10, shi ne zai gaya maka abin da ya fi wannan girma yana ɗan 16.

Mu malamai ma akwai namu. Tun bayan abin nan, duk ranar Juma'a nakan ware minti 20 in ba ajina wata 'yar matsala da Faransanci: an sace akuya a gida kaza, ga maganar mutum uku, wa ke ƙarya, kuma ta yaya ka sani? Yaran da ba sa son karatun nassi yanzu suna karanta shi sau uku don kada wata alama ta wuce su. Sharaɗin ɗaya ne, ba a karɓar amsa sai da dalili. Wani lokaci nakan ba su da Hausa, waɗanda ba Hausawa ba abokansu su fassara musu, aji ya kaure da dariya. Ba na cewa wannan zai ba kowa CEP, amma na ga bambanci a yadda suke karanta tambayar lissafi kafin su fara rubutu.

Akwai kuma abin da nake so matasanmu su ji. A nan Yawunde, ba a Tokyo ba, akwai kamfanin Kiro'o Games da Olivier Madiba ya kafa, wanda a Afrilun 2016 ya fitar da wasan Aurion: Legacy of the Kori-Odan, labarin wani sarki da matarsa da aka yi wa juyin mulki a ranar aurensu, da sutura da sunaye na Afirka, aka kuma sayar da shi a duniya ta intanet. 'Yan ƙasar nan ne suka zauna suka yi, da irin wutar lantarkin da duk muka sani. To me zai hana wata rana a samu wasan bincike da Hausa, wanda aka gina a lungunan Briqueterie, tsakanin masu tsire da teloli da masu sayar da yadi, inda ɗan wasan zai bi sawun atamfar da ta ɓace daga shago ana gobe salla? Wanda zai yi wannan, ina kyautata zato, yanzu haka yana zaune a kan benci a wani gidan gem, yana rubuta sunaye a bayan littafin lissafi. Ya danganta da abin da muka yi da shi, ko mu kore shi ko mu ja shi a jiki.

Baba Alhaji, na san za a karanta maka wannan, kuma ina neman afuwa idan na saɓa maka. Damuwarka ta uba ce, ni ma ina da 'ya'ya biyu da ke tasowa a unguwar nan. Roƙona ɗaya ne: ranar Laraba mai zuwa bayan azahar, ka zo mu je tare mu zauna a shagon nan na rabin awa. Ka ga mai kyau da mara kyau da idonka, sannan a yanke hukunci. Na taɓa tsayar da yaro a gaban allo a kan kuɗin da ke cikin rajistata, ba na so in sake irin wannan da hannuna a kan takarda.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon yin adalci ko a kan ƙaramin abu. Wassalam.